Dare Uku a Cikin Mota a Tsibirin Hokkaido

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya haura shekara talatin yana sayar da injuna da kayan gyaran mota a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, kuma kafin ya mallaki shago ya daɗe yana gyaran janareta a gidajen mutane. A ƙarshen watan Oktoba na shekarar 2023 ya zo Japan sayen tsofaffin injuna a garuruwan da ke kewayen Tokyo, da ya gama ɗaura kayansa kuwa sai ya hawo jirgi zuwa Sapporo, babban birnin tsibirin Hokkaido, inda nake karatu. Na yi niyyar nuna masa gabashin tsibirin, amma da na haɗa kuɗin masauki na mutum biyu sai na ga aljihun ɗalibi ba zai ɗauka ba. Wani abokin aikina a ɗakin bincike ya ara mini motarsa, Mitsubishi Outlander PHEV, ya ce mu kwantar da kujerun baya mu riƙa kwana a ciki, kamar yadda shi da iyalinsa suke yi idan sun fita yawo.

Irin wannan mota tana da injin fetur kamar kowace mota, tana kuma da babban batir da ake sa wa caji daga wutar gida ko daga tashar caji. Kamfanin ya fara sayar da ita a Japan a watan Janairu na 2013 da batir mai ɗaukar kilowat 12 na awa, samfurin da ya fito a ƙarshen 2021 kuwa, wanda muka hau, batirinsa na ɗaukar kilowat 20 na awa, yana da inji mai lita 2.4 da tankin fetur mai cin lita 56. A takarda an ce batirin kaɗai zai kai motar kilomita tamanin da 'yan kai. Abin da ya fi jan hankalina shi ne soket irin na bangon ɗaki da ke cikin but, wanda ke ba da wuta har wat 1,500, sai kuma bayanin mai motar cewa na'urar sanyaya ciki da ta ɗumamawa suna aiki ko da injin a kashe yake.

Kawu ya zagaye motar sau biyu, ya buɗe bonet, ya duba, ya rufe. Sannan ya ce, "Ɗana, ni dai a sanina duk inda inji yake, ba a rufe ƙofa a yi barci kusa da shi." Na ce masa, "Kawu, ai wannan batir ne zai yi aiki, injin ba zai tashi ba." Bai yi musu ba, sai dai ya nemi mu biya shagon kayan gini mu sayi ƙaramar na'urar nan mai ƙara idan ta ji guba a iska. Muka saya, ya sa ta a aljihun rigarsa.

Muka bar Sapporo da hantsi da batir a cike, muka nufi kudu maso gabas. Motar tana tafiya shiru, ba a jin komai sai ƙarar tayoyi a kan kwalta, ni kuma ina ta jin daɗin ganin gejin fetur bai motsa ba. Muka tsaya a Atsuma, domin ina son Kawu ya ga tuddan da girgizar ƙasa ta zaftare a ranar 6 ga Satumba, 2018, da misalin ƙarfe uku na dare. Mutum sama da arba'in ne suka rasu a wannan girgizar, yawancinsu a nan Atsuma, inda ƙasa ta gangaro ta binne gidaje mutane suna barci. Shekara biyar bayan abin, har yanzu ana ganin tabon a jikin tuddan, wasu an ɗaure su da siminti, wasu ciyawa ta fara rufewa. A gaɓar tekun wannan yanki ne tashar wutar Tomato-Atsuma take, wadda a daren take samar da kusan rabin wutar da tsibirin ke sha. Da ta tsaya, sauran tashoshin suka kasa ɗaukar nauyin, suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, har wuta ta ɗauke a gidaje kusan miliyan 2.95, wato tsibirin gaba ɗaya, kuma sai da aka yi kusan kwana biyu kafin ta dawo wa mafi yawan jama'a. Kawu ya yi shiru yana kallon tuddan, can ya yi wa mamatan da iyalansu fatan sauƙi, muka wuce.

Rana tana faɗuwa da wuri a wannan lokaci na shekara, kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya riga ya rufa. Muka isa Mukawa, garin da ya shahara da wani ɗan siririn kifi mai suna shishamo, muka shiga tashar hutun matafiya ta garin. Waɗannan tashoshi, da Japanawa ke kira michi-no-eki, an fara su a 1993, yanzu sun haura 1,200 a faɗin ƙasar, kowace tana da filin ajiye motoci da bandaki a buɗe dare da rana ba tare da biyan ko sisi ba. Matsayin hukuma shi ne wurin hutu ne, direban da ya gaji yana iya runtsawa, amma ba masauki ba ne da za a baje kaya a kafa tanti. Saboda haka masu kwana a mota suna taka-tsantsan ƙwarai: suna zuwa a makare, su tashi da sassafe, ba sa hayaniya, ba sa barin shara, kuma ba sa barin inji yana aiki a tsaye. A wurare da dama akwai alluna da ke roƙon direbobi su kashe inji idan sun tsaya.

A tashar Mukawa akwai wurin wanka na ruwan ɗumi, kuma a falon hutawa na wurin ne wani dattijo ya tambaye mu daga ina muke. Da hira ta kai kan daren girgizar, ya ce shi abin da ba ya mantawa shi ne layin mutane a harabar ofisoshin hukuma suna jiran inda za su sa wa wayoyinsu caji, da layin motoci a gidajen mai, da kuma madarar da makiyaya suka yi ta zubarwa saboda babu wutar tatsa da sanyaya ta. Ya ce tun daga lokacin mutane da yawa suka fara tambayar ko mota tana da soket kafin su saya. Na fassara wa Kawu, na ƙara masa da abin da na sani, cewa a Satumbar 2019 da guguwar Faxai ta katse wuta a lardin Chiba, kamfanonin mota sun aika da motoci masu batir domin a kunna fitilu da fankoki da firiji a wuraren da ake kula da jama'a, kuma Mitsubishi ya ƙulla yarjejeniya da ƙananan hukumomi masu yawa cewa zai ara musu irin wannan mota idan bala'i ya auku. Kamfanin yana cewa idan batir da tanki suna cike, aka haɗa motar da gida ta wata na'ura ta musamman, za ta iya riƙe gida matsakaici kimanin kwana goma sha biyu. Kawu ya ce to ashe janareta ce aka yi wa tayoyi, kuma maganarsa tana kan hanya.

Da muka koma mota na danna maɓallin kunnawa ba tare da taka birki ba, rediyo da fitilun ciki suka kama, amma iska mai ɗumi ba ta fito ba, soket ɗin but ma bai ba da wuta ba. Kawu ne ya fara gano dalili. Motar tana da batir biyu, babban da ke ƙarƙashin daɓenta, da kuma ƙarami mai volt 12 irin na kowace mota. Idan aka kunna ta rabi-rabi kamar yadda na yi, ƙaramin ne kaɗai ke aiki, kuma babu abin da ke mayar masa da abin da ya kashe, don haka mutum na iya wayar gari da babban batir a cike amma motar ta ƙi tashi, domin ƙaramin ne ke tayar da kwamfutar da ke buɗe wa babban hanya. Sai an taka birki an danna maɓallin, kalmar READY ta fito a allon gaban direba, sannan babban batir zai shigo aiki, ya riƙa ciyar da ƙaramin ta wata na'ura da ke tsaye a madadin altaneta, ya kuma juya kwamfaresar na'urar sanyi da ɗumi, wadda a wannan mota lantarki ke juya ta ba fambel ba. Na yi hakan, na tabbatar giya tana kan P, birkin hannu a ɗaure, na kashe fitilun waje, na danna maɓallin soket. Nan da nan ɗumi ya fara fitowa, ba tare da wani inji ya yi tari ba.

Mun taho da tukunyar shinkafa ta lantarki da butar lantarki, domin samun abincin halal a ƙauyukan Hokkaido ba abu ne mai sauƙi ba. Na jona su biyun lokaci guda, sai wutar soket ɗin ta yanke. Butar kaɗai tana jan wat 1,200, tukunyar kuwa wajen 600, jimillarsu ta wuce 1,500, motar kuma an yi ta ne ta katse wutar idan aka ɗora mata fiye da ƙima, domin kada wayoyi su yi zafi. Muka cire butar, muka sake danna maɓallin, shinkafa ta dahu, daga baya muka dafa shayi. Muka ci da gasasshen kifin da muka saya da yajin da Kawu ya taho da shi daga gida, muka yi sallar isha'i a gefen mota a kan dardumarmu, muka kwanta.

Abin da ban lura da shi ba shi ne gejin batir. Tafiyar da muka yi daga Sapporo ta cinye kusan duk cajin, abin da ya rage bai wuce layi ɗaya ko biyu ba. Wajen ƙarfe ɗaya na dare na farka na ji motar tana ɗan rawa a ƙarƙashina, injin ya tashi da kansa. Haka aka tsara ta: muddin tana kan READY, idan batir ya sauka zuwa wani mataki, kwamfutar za ta tayar da inji ya juya janareta ya ƙara masa caji, ya mutu, bayan wani lokaci ya sake tashi, ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Na waiga sai na ga Kawu a zaune, ya riga ya sauke gilashi, na'urar nan tana tafin hannunsa yana kallonta. Ba ta yi ƙara ba, domin muna fili ne kuma iska tana kaɗawa. Amma akwai wata ƙaramar mota a kusa da mu, salansarmu tana fuskantar gefenta, mutanen cikinta suna barci. Na kashe motar gaba ɗaya, muka ƙara riguna, muka lulluɓa, muka ƙarasa daren cikin sanyi mai shiga ƙashi.

Ba mu koma barci da wuri ba. A cikin duhun nan Kawu ya ba ni labarin wata safiya da aka kira shi wani gida a bayan gari, shekaru da yawa da suka wuce, wai a duba janaretar da ta kwana tana aiki a soro saboda tsoron ɓarayi. Kafin ya isa an riga an ɓalle ƙofar ɗakin da ke kusa da soron, an fito da mutum uku, biyu ba su farfaɗo ba. Ya ce, "Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ba motarka nake zargi ba, ɗana, hayaƙin da ba a gani nake tsoro." Gubar da yake nufi ita ce kabon monoksaid, iskar da ke fita idan mai bai ƙone sarai ba. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jinin mutum fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau ɗari biyu da wani abu. Tana farawa da ciwon kai da kasala, mai barci kuwa ba ya ma sanin an fara. A ganina haɗarin mota irin wannan ya fi na mota ta gargajiya ɓoyuwa ta fuska ɗaya, domin wanda ya kwanta a mota mai fetur zalla ya san ya bar inji a kunne, amma wanda ya kwanta a wannan ya kwanta ne cikin shiru, zuciyarsa ta natsu cewa babu abin da ke ci, alhali injin yana jiran lokacinsa ne kawai. Wannan ne ya sa ba a barin ta a kunne a cikin gareji ko wani rufaffen wuri, ko da batir ya nuna a cike.

Washegari muka sauya tsari. Motar tana da maɓallin da ke ba direba zaɓi: ko ta yi tafiya da batir zalla, ko ta adana cajin da ke akwai ta tafi da fetur, ko kuma injin ya riƙa tafiya yana cika batir. Jiya na ƙona batir a kan hanya inda injin ba ya damun kowa, na bar wa dare fetur, ga shi kuwa akasin haka ya kamata. Muka kama hanya mai lamba 237 da ke bin kogin Saru ta Biratori, yankin da al'ummar Ainu, 'yan asalin tsibirin, ke da yawa, na sa motar a tsarin cika batir. Fetur ya fi tafiya a wannan tsari, kuma ina ganin yadda gejin ke sauka, amma na ɗauke shi kuɗin ɗaki ne nake biya tun da rana. Daga garin Hidaka muka hau hanya mai lamba 274 zuwa mashigar tsaunin Nissho, mai tsayin mita 1,022, inda muka tarar da dusar ƙanƙara ta fara kwanciya a gefen hanya. Wannan ne ganin Kawu na farko da ita, ya sauko ya damƙa, ya jinjina ta a hannu, ya yi tasbihi. A gangaren zuwa filayen Tokachi kuwa motar da kanta ta riƙa mayar da ƙarfin birki zuwa caji, layukan batir suna ƙaruwa ba tare da ɗigon mai ya ƙone ba.

A Obihiro muka tsaya a wata tashar caji mai sauri domin mu ƙarasa cika shi. Irin wannan caji yana kai batirin kashi 80 cikin ɗari a cikin kimanin minti 38 idan daga ƙasa aka fara, amma al'adar Japan ita ce minti talatin kowace mota, sannan a ba na baya wuri. A wutar gida mai volt 200 kuwa sai an yi wajen awa bakwai da rabi. Muna zaune a ciki waya tana jone, ɗumi yana aiki, domin motar tana yarda a kunna na'urar yayin caji. Kamfanin Toyota ma yana da irin wannan tsari a motocinsa masu caji, har ya raɗa masa suna My Room Mode. Abin lura shi ne duk abin da ɗumin ya ci daga rabon batir ake cire shi, don haka muka rage shi muka bar na'urar ɗumama kujeru kawai.

A nan ne muka zauna muka yi lissafi irin na 'yan kasuwa, Kawu da biro da bayan rasit. Mota ta gargajiya tana ɗumama ciki ne da zafin da inji ke zubarwa ta ruwan lagireto, zafin da ko ba a yi amfani da shi ba asara zai tafi. Idan inji a kashe yake babu wannan rarar, dole a samo zafi daga batir. Wannan mota tana yin hakan ne da na'urar sanyi da aka juya aikinta, ta kwaso ɗan zafin da ke cikin iskar waje ta tura ciki, kamar yadda firiji ke kwashe zafin cikinsa ya fitar ta baya. Dabarar tana da tsimi idan sanyin matsakaici ne, amma ƙarfinta yana raguwa yayin da sanyi ke tsananta, kuma idan ya yi tsanani sosai, ko aka murɗa ɗumin zuwa ƙarshe, motar na iya kiran inji ya taimaka ko da batir bai sauka ba. A ƙiyasina, riƙe ɗumin mota dukan dare a irin sanyin da muke ciki zai ci wajen kilowat ɗaya kowace awa, ga kuma abin da kwamfutoci da famfunan motar ke ci don kansu muddin tana kunne. Awa takwas ke nan sun tafi da kusan rabin batirin, kuma ba duka 20 ɗin ake samu ba, domin motar tana ɓoye wani kaso da ba ta bari a taɓa. Bargon lantarki kuwa wat hamsin ne ko sittin, biyu a awa takwas ba su kai kilowat ɗaya ba. Butar da ta yanke mana wuta jiya, duk da ƙarfin janta, minti huɗu kawai take yi, abin da take ci bai taka kara ya karya ba. Kawu ya ja layi a ƙarƙashin lissafin ya ce a ɗumama mutum ya fi a ɗumama ƙarfe da gilashi arha. Muka shiga wani babban shago muka sayi barguna biyu na lantarki da fallayen rufe tagogi.

Dare na biyu, a wata tasha da ke gabashin Obihiro, muka zaɓi gefen fili nesa da sauran motoci, muka juya bayan motar yadda iska za ta kwashe hayaƙi ko da injin ya tashi. Na danna tsarin batir zalla, na sa ɗumin a mataki 18 da fanka a ƙasa, muka jona barguna, na yafa hula a kan allon direba saboda haskensa. Da farko na rufe hanyar iskar waje don in yi tsimi, amma cikin rabin awa gilasai suka yi gumi, numfashin mutum biyu ya cika wurin, kaina ya fara nauyi. Na buɗe ta, na yarda da ƙarin abin da za ta ci. Injin bai tashi ba har asuba. Wajen ƙarfe huɗu da rabi na dafa ruwa a buta na surka, muka yi alwala da ruwan ɗumi a filin da raɓa ta daskare a kan ciyawarsa, kuma ban taɓa jin darajar soket ɗaya kamar a wannan lokaci ba. Gejin batir ya nuna saura fiye da kashi ɗaya cikin uku.

Yini na uku mun bi ta Kushiro, muka ratsa gefen babbar fadamarta zuwa ƙauyen Tsurui, inda muka ga tsuntsayen tancho, dangin gauraka masu farin jiki da jan tabo a ka, suna kiwo a gonakin masara da aka girbe. Da la'asar muka isa tashar hutun garin Teshikaga, wadda ke da ɗan kududdufin ruwan zafi na tsoma ƙafa. Kafin mu kwanta Kawu ya fito da ƙaramar mitarsa ta awon wuta, wadda ba ya tafiya ba tare da ita ba, ya soka a soket ɗin but. Ta nuna volt ɗari. Ya ce abin da yake zato ke nan, kuma duk wanda ya ga irin wannan mota ya yi sha'awarta saboda wutar gida, to ya fara tambayar don wace ƙasa aka ƙera ta. Wutar Japan volt 100 ce, ta Amurka 120, tamu a Najeriya da Nijar kuwa tsakanin 220 da 240 take kamar ta Turai. Cajar waya da ta kwamfuta galibi suna karɓar kowace, amma firiji da fanka da injin ruwa na gida ba za su yi aiki daidai a kan ɗari ba sai da taransifoma. Ya ƙara da cewa a zafin bazara irin namu sanyi za a nema ba ɗumi ba, kuma ya san mutanenmu, ranar da aka ɗauke wuta wani zai shige motarsa a cikin gareji ya rufe ƙofa ya kunna sanyi ya kwanta da 'ya'yansa. Ya ce idan irin waɗannan motoci suka yawaita a Ƙofar Ruwa, wannan ce maganar farko da zai riƙa faɗa wa duk wanda ya zo shagonsa.

Daren nan ya fi sauran sanyi. Da safe gilashin gaba ya yi fari da ƙanƙara, kuma da na danna maɓallin narkar da ita da ƙarfi sai injin ya tashi, ko da yake batir na da saura. A wannan karon muna farke, gari ya waye, maƙwabta sun fara tafiya. Muka hau zuwa tafkin Mashu, wanda ke cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta, muka yi sa'a babu hazon da aka san shi da shi, ruwan shuɗi ne mai duhu kamar an rina shi a karofi.

Daga nan na karkata zuwa Nakashibetsu, mai nisan kimanin kilomita hamsin, ƙasar makiyayan shanun madara, shimfiɗaɗɗiya, hanyoyinta miƙaƙƙu, babu abin da ke tare iska sai layukan itatuwa. A farkon watan Maris na 2013 guguwar dusar ƙanƙara ta afka wa gabashin Hokkaido da arewacinsa, mutum tara suka rasu, biyar daga cikinsu a wannan gari, ciki har da wata uwa da 'ya'yanta uku, a cikin motarsu da dusar ta binne ba nisa da gida, hayaƙin salansa ya rasa mafita ya koma ciki. Ƙungiyar direbobi ta Japan, JAF, ta yi gwaji da mota da aka rufe da dusar ƙanƙara har saman bonet aka bar injinta yana aiki, gubar ta kai kashi 400 cikin miliyan a minti 16, ta kai 1,000 a minti 22, matakin da ke kashe mutum cikin 'yan awoyi. Shawarar da ake ba direbobin tsibirin ita ce su ajiye shebur da bargo a mota duk hunturu, idan sun maƙale su kashe inji, idan kuwa sanyi ya tilasta kunna shi to su riƙa fita suna share bakin salansa. Mota mai babban batir tana ba wanda ya maƙale awoyi na ɗumi ba tare da hayaƙi ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a irin wannan fili, amma sai idan ya iso da caji a cikinta, ya kuma san lokacin da za ta koma kan fetur.

Muka tsaya a gefen wata hanya tsakanin gonaki, inda aka kakkafa dogayen sanduna masu kibiya ja da fari a sama, masu nuna wa direba iyakar kwalta idan dusar ta shafe komai. Kawu ya sauka, ya zagaya bayan motar, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta har ya gano inda bakin salansar yake. Ya auna tsayinsa daga ƙasa da hannu, bai wuce taƙi ɗaya da rabi ba. Ya ɗaga kai ya dubi kibiyar da ke rataye can sama da mu, ya tambaye ni ko da gaske dusar tana kai inda sai da waɗannan ake gane hanya. Na ce masa ƙwarai, a watan Fabrairu ma shingen gonar nan ba a ganinsa. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwar wandonsa, ya ciro na'urar gano gubar daga aljihu ya sa ta a aljihun ƙofar direba, ya ce idan na mayar da motar in bar wa mai ita, in kuma gaya masa ya riƙa sauya mata batir kafin kowane hunturu.